Wa Ya Naɗa Takardar Awon Jini Alƙali A Kanmu?

Zuwa ga jama'ar Rusairis da Damazin, da 'yan'uwanmu na Mai Wurno da ƙauyukan Jazira, da waɗanda fitinun shekarun nan suka watsa zuwa Kosti da Gadarif da Bur Sudan. Allah Ya haɗa kanmu cikin aminci.

Bayan haka: wata baƙuwa ta shigo gidajenmu ba sallama, muka kuwa tashi muka shimfiɗa mata buzun alƙali. Takarda ce guda da rubutun Turanci, wadda ake karɓowa daga ma'amal, wato ɗakin awon jini. A samanta akwai haruffa uku, ANA, a gabansu kalma ɗaya, "fozitif", wani lokaci tare da lamba kamar 1:80 ko 1:160. Ba ta da baki, amma ta hana gidaje barci. A kanta an sayar da awaki, an jinginar da gonar bakin kogi, an ɗaga ranar biki, an janye daga neman aure. Irin waɗannan takardu suna isowa zauren dattijo a hannun masu neman gudummawar tafiya magani, mu kuma da aka ɗora wa rubuta buƙatun jama'a mun ga isassu, har muka gane cewa yin shiru a kansu cin amana ne.

Labarin kusan ɗaya ne ko'ina. Mace ce, galibi tsakanin shekara 20 da 45. Wata shida ko shekara guda tana fama da kasala, da ciwon gaɓoɓi, da zazzaɓi mai zuwa yana komawa, wani lokaci da zubar gashi. An yi awon malariya, an yi na taifot, an sha magani an sake sha, an ce rutuba ce an yi allurai, sauƙi bai samu ba. Sai wani ya ba da shawarar a yi "awon garkuwa". A ɗebi jini a tura shi gari mai nisa da kuɗi masu nauyi, bayan makonni takarda ta dawo, babu wanda ya zauna ya fassara ta. Daga nan gida ya rabu biyu. Wani ɓangare ya ce shi ke nan, cutar da ba ta da magani ce, a fara kuka tun ba a ga gawa ba. Ɗaya ɓangaren ya ce ai ga ta nan tana tafiya da ƙafafunta, son jiki ne kawai, ko kuwa hannun maƙiya. Ita mai ciwon tana tsakiya, ba mai tambayarta yadda ta kwana.

Maganarmu a wannan rubutu ɗaya ce: wannan takarda shaida ce, kuma shaida mai yawan magana. Duk wanda ya durƙusa gaban malami ya karanta babin shaida ya san alƙali ba ya karɓar maganar mai shaida sai an tsarkake shi, an san adalcinsa, an san ba mai yawan rafkana ba ne. Ya san kuma babban hukunci ba ya tsayuwa a kan bakin mutum ɗaya. Haka nan alƙalin kirki ba ya korar mai ƙara jini na zuba a jikinsa don kawai shaidar da ya kawo ta yi rauni. Wanda ya yanke wa majinyaciya hukuncin mutuwa da wannan takarda ya zalunce ta. Wanda ya ƙaryata ciwonta domin takardar ba ta ambaci sunan cuta ba, shi ma ya zalunce ta. Da su biyun muke jayayya.

Bari mu fara da tsarkake shaidar, bisa abin da ma'abota wannan ilimi suka tabbatar. Allah Ya halitta wa ɗan Adam garkuwa a jikinsa, wasu dakaru da ke gane baƙon abu su yaƙe shi. A wasu mutane dakarun sukan rikice su juya kan mai gida, su kai hari ga gaɓoɓi ko fata ko ƙoda. Cututtukan da ke fitowa daga wannan rikici suna da yawa, amma wadda ta fi tsorata mutane ita ce lufus, wadda likitocinmu ke kira da Larabci "azzi'batul hamra", wato jan kyarkeci. Sunan kaɗai ya isa ya kaɗa hantar mutum. Awon ANA yana neman wasu makaman garkuwa ne da ke manne wa cibiyar ƙwayoyin halittar jikin mutum kansa. Idan ya same su sai ya ce "fozitif". Iyakar abin da ya gani ke nan. Bai duba ƙoda ba, bai taɓa gaɓa ba, bai ji tarihin ciwon ba.

Lambar da ke gaban kalmar kuwa, misalinta misalin karkade ne. Idan aka jiƙa shi aka yi ta ƙara ruwa, akwai inda jan zai ɓace. Mai kauri yakan jure ruwa mai yawa, tsararo kuwa da kofi biyu ya koma fari. Haka ake yi wa ruwan jinin: a sirka shi kashi 1 cikin 40, sa'an nan cikin 80, cikin 160, cikin 320, ana duba inda alamar za ta ɓace. Don haka 1:40 da 1:80 alama ce mai rauni, 1:640 da abin da ya yi sama sun fi nauyi a ma'auni, ko da yake su ma ba hukunci ba ne.

Ga abin da mai ma'amal ba ya rubutawa a bayan takarda. A shekarar 1997 aka buga sakamakon wani bincike da ɗakunan awo na ƙasashe da dama suka haɗu suka yi a kan jinin lafiyayyun mutane, waɗanda ba sa kukan komai. A matakin 1:40, kusan mutum 32 cikin 100 suka fito "fozitif". A 1:80, mutum 13. A 1:160, mutum 5. A 1:320, mutum 3. Bisa wannan lissafi, da za a tara lafiyayyu 100 daga kasuwa a auna su, fiye da goma za su koma gida da irin takardar da ke hana mu barci. Alhali kuwa cutar lufus ba ta kai mutum 1 cikin 100 ba a ko'ina a duniya. Mata sun fi maza fitowa "fozitif", tsofaffi sun fi matasa, haka ma dangin mai cutar da su ba su da ita. Amfanin awon na gaskiya yana ɗaya gefen: kusan duk masu lufus suna fitowa "fozitif", saboda haka wanda nasa ya fito babu, da wuya a ce lufus ce ke damunsa. Shi ya sa a ƙa'idojin da ƙungiyoyin likitocin gaɓoɓi na Turai da Amurka suka fitar a 2019 aka ajiye wannan awo a matsayin ƙofar shiga kawai. Sai an tara wasu alamomi na jiki da na jini kafin a ambaci sunan cutar.

Mu mutanen ƙasar sauro kuwa, shaidar nan ta fi yawan surutu a kanmu. Wani likita Bature mai suna Brian Greenwood, wanda ya yi aiki a asibitin koyarwa na Ibadan kafin ya koma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya lura tun wajen 1970 cewa irin waɗannan alamomi suna yawan bayyana a jinin mutanen Afirka da ba su da ciwon garkuwa, ya kuma danganta hakan da yawan kamuwa da malariya. Jikin da ya shekara talatin yana kokawa da zazzaɓi kowace damina, garkuwarsa a tashe take, tana harbi har inda ba a sa ta ba. Tarin fuka da ciwon hanta su ma sukan tayar da waɗannan alamomi, haka wasu magunguna, ciki har da isoniyazid da ake ba masu tarin fuka. Awon rumatoyid da ake yawan haɗawa da shi a takarda ɗaya, shi ma halinsa ke nan.

Akwai wata cuta da ya wajaba a kira sunanta da babbar murya, domin maƙwabciyarmu ce: kala'azar. Ɗan mitsitsin ƙudan da ke yaɗa ta yana zaune a baƙar ƙasa mai tsagewa, cikin dajin talha da aduwa, daga Gadarif zuwa Dindir har yankinmu, inda 'ya'yanmu ke tafiya noman dawa da riɗi. Tana zuwa da zazzaɓi mai daɗewa, da rama, da ƙarancin jini, da kumburin saifa, kuma tana iya sa awon ANA da na rumatoyid su fito "fozitif". Ta yi kama da lufus har likitoci a ƙasashen da suka ci gaba sun sha ruɗewa a kanta. Tana kisa idan aka bar ta, tana kuma warkewa da allurai na kwana 17 idan aka gano ta. Bayanta akwai maltiyya da ake ɗauka daga ɗanyar madara, da tsargiya ta ruwan hazzan da magudanan Jazira, da kankasha wadda ta mamaye Kasala a 2018 ta bar mutane da ciwon gaɓoɓi na watanni, da sikila da ke cikin jinin zuriyarmu, da ciwon maƙoƙo, da ciwon sukari, da ƙarancin jini na macen da ta haihu a jere ba ta ƙoshi ba. Kowace daga cikinsu tana kawo kasala da ciwon jiki. Wanda ya tsallake dukkan waɗannan ya je ya kama jan kyarkeci, ya bar jaki yana dukan taiki.

To, ga waɗanda muke tuhuma.

Na farko, muftan waya. Da takarda ta iso sai a ɗauki hotonta a jefa a zauren WhatsApp na dangi, wani yaro ya rubuta haruffan a Google, ya dawo da hotunan fuskoki masu miki da labarin wankin ƙoda. Kafin la'asar gari ya ɗauka. Wannan yaro da aka tambaye shi hukuncin rabon gado zai ce a je wurin malam, amma a kan ran 'yar'uwarsa ya zama mai fatawa. Intanet tana nuna mafi munin abin da ya taɓa faruwa ne, ba ta san wadda ke kwance a ɗaki ba. Sa'an nan takardar mara lafiya sirrinsa ce. Wanda ya watsa ta ba da izini ba ya tona asiri, ko da niyyarsa neman addu'a ce.

Na biyu, masu sayar da awo kamar yadda ake sayar da albasa. Ba mu kiran sunan kowa, kuma mun san a cikin masu wannan sana'a akwai masu tsoron Allah da suka tsaya da jama'a a lokacin da magani ya yi wuya. Amma akwai waɗanda duk wanda ya shigo da kasala sai su jera masa awo goma, su karɓi kuɗi, su miƙa takarda su juya baya. Mun riga mun ga irin wannan da awon Widal, wanda ya mai da rabin gari masu taifot shekara da shekaru. Ƙa'idar likitanci ita ce ba a yin awon ANA sai an ga alamar da ke kira zuwa gare shi, kuma wanda ya rubuta awo shi ke da alhakin fassara shi. Mafi muni shi ne a ce wa mutum ya dawo bayan wata uku a sake aunawa "a ga ko ya sauka". Lambar ANA ba ta bin hawa da saukar ciwo. Maimaita ta zubar da kuɗi ne, kuɗin da ya kamata ya tafi ga ganin likita.

Na uku, kuma mafi haɗari, masu miƙa kortizon ta tagar saidaliyya ko a kan tebur a kasuwa. Kowa ya san ƙwayar nan da ake kira Abu Najma, wadda 'yan mata ke sha don su yi ƙiba. Ita da 'yan'uwanta yanzu sun zama maganin duk wanda aka ce "garkuwarsa ta rikice". Yaudararta ita ce tana aiki: cikin kwana uku ciwo ya lafa, abinci ya shiga, fuska ta cika, a yi ta sa wa mai kanti albarka. Bayan watanni sai ga hawan jini, ga sukari, ga ƙashin ƙugu yana rugujewa. Tana kwantar da garkuwa, don haka idan tarin fuka ne ko kala'azar ke ɓoye a jiki, an buɗe masa ƙofa ke nan. Tana kuma shafe alamomin da likita zai gane cutar da su. Garin neman gira a rasa ido. Kortizon magani ne mai daraja a hannun likita, ya ceci rayuka masu yawa, amma wuƙa ce mai baki biyu. Kuma a kiyaye: wanda ya riga ya yi makonni yana sha, kada ya yanke rana ɗaya, domin yankewa farat ɗaya na iya kai shi lahira, likita ne zai rage masa a hankali. Haka allurar diklofenak da ake yi wa duk mai ciwon gaɓa, yawanta yana cin ƙoda da tumbi.

Na huɗu, mu juya ga ɗaya ɓangaren, masu cewa ba komai. Nan maganar ta shafi mazaje da surukai, kuma ba za mu sassauta ba. Mace ta ce hannuwanta sun ƙage da asuba ba ta iya murɗa murfin jarka, a ce ragwanci ne. Ta ce rana tana ƙona mata fuska, a ce iyayi ne. Idan likita ya ce takardar ba ta tabbatar da cuta ba, sai maigida ya dawo yana cewa ai dama na faɗa. Ba haka likita ya ce ba. Rashin sunan cuta daban, rashin cuta daban. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Cikin masu lufus goma, tara mata ne, kuma takan fara ne a shekarun haihuwa, daidai lokacin da ake ɗora wa mace aikin gida duka ana hana ta kuka. Takan kama ƙoda shiru ba zafi, ta kuma fi tsanani ga baƙar fata. Mace nawa aka yi wa gorin son jiki har sai da ƙafafunta suka kumbura? A wannan zamani da wuraren wankin ƙoda suka yi ƙaranci, sakaci da fitsari mai kumfa wasa da rai ne.

Ko da an bincika ba a sami cuta mai suna ba, ciwon bai zama ƙarya ba. Jama'ar da ta ga abin da ta gani a Yulin 2022, ta bar gidajenta ta kwana a makarantu da sansanoni, ta binne 'ya'yanta, sa'an nan yaƙin ƙasa ya biyo baya, ba abin mamaki ba ne jikinta ya yi magana. Baƙin ciki da rashin barci suna sauka a kafaɗa da baya da gwiwa. Wannan ma ciwo ne, yana da masu maganinsa, kuma ba ya warkewa da tsawa.

Na biyar, masu cin kasuwar ruɗani da sunan addini. Ba mu raina addu'a, da ita muka tashi, da ita za mu koma. Amma wanda bai ga mara lafiya ba ya ce ta waya sammu ne, ya ambaci kishiya ko maƙwabciya, ya yanka farashi, ya kuma hana zuwa asibiti, wannan ya haɗa zunubi uku: cin dukiya da ƙarya, raba zumunci, da jinkirta magani. Magabatanmu ba haka suke ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, duk da nauyin mulki ya zauna ya yi rubuce-rubuce a kan ilimin magani, domin ya san kiyaye jiki yana cikin kiyaye addini. Jikokin mutanen da suka taso daga Burmi a 1903 suka taka har bakin wannan kogi da littattafansu a ka, bai dace a ce haruffa uku sun tura su hannun 'yan damfara ba.

Sai maganar aure, wadda ita ce ke sa a ɓoye takarda a ƙarƙashin katifa. Ciwon garkuwa ba ya yaɗuwa ta kwano ko shimfiɗa ko numfashi. Ba a gadonsa kai tsaye yadda ake gadon sikila. Yarinyar da awonta ya fito 1:80 ba tare da wata alama ba, ba a tabbatar mata da aibin komai ba, kuma mun koya cewa ba a rushe tabbas da zato. Wadda ma aka tabbatar tana da lufus, tana aure tana haihuwa, muddin an shirya cikin da shawarar likita a lokacin da ciwon ya kwanta. Wanda ya fasa aure saboda hoton takarda da ya gani a waya, ya yi hukunci da jita-jita.

Mai hankali zai iya tsayar da mu ya ce: ashe ba a ce alamar takan riga cutar bayyana ba? Gaskiya ne. Wani bincike da aka buga a 2003, a kan jinin sojojin Amurka da aka adana shekaru, ya nuna cewa mafi yawan waɗanda suka kamu da lufus daga baya, alamar tana jininsu tun shekaru kafin ciwon. Amma a lura da inda aka faro lissafin: daga masu cutar aka waiwaya baya. Idan aka faro daga masu alamar aka duba gaba, mafi yawansu ba sa kamuwa har ƙarshen rayuwarsu. Duk wanda ya nutse ya taɓa ruwa, amma ba duk wanda ya taɓa ruwa ke nutsewa ba. Abin da wannan ke wajabtawa shi ne lura da bibiya, ba makoki ba.

Wani kuma zai ce: kuna ta cewa likita, ina likitan? Wannan tambaya tana da nauyi. Ƙwararrun wannan fanni dama 'yan ƙalilan ne, akasarinsu a Khartum. Yaƙi ya ɓarke can ranar 15 ga Afrilu 2023. Madani, wadda ta zama mafakar likitoci da marasa lafiya, ta faɗa cikinsa a Disamba na wannan shekara, sa'an nan a tsakiyar 2024 ya iso Sinja ya datse mana hanyar arewa. Likitoci da yawa sun watsu zuwa Masar da ƙasashen Larabawa. Duk mun sani. Amma nisan ƙwararre hujja ce a kan mu tsara abin da ke hannunmu, domin mafi yawan abin da zai tambaya ba ya buƙatar tafiya Alƙahira.

Abu na farko littafi ne na makaranta da biro. Majinyaciya, ko ɗanta mai karatu, ta riƙa rubutawa kullum: wace gaɓa ce ta yi ciwo, ta kumbura ko ba ta kumbura ba, ƙagewar asuba minti nawa take ɗauka, zazzaɓi nawa ma'auni ya nuna, wane magani aka sha kuma wa ya ba da shi. Idan ƙuraje ko ja ya fito a fuska a ɗauki hotonsa da kwanan wata, domin ranar ganin likita yakan ɓuya. A tara dukkan takardu a jaka ɗaya bisa jerin kwanakinsu. Likitan da aka ba shi irin wannan littafi na wata uku ya sami shaidu talatin maimakon ɗaya.

Abu na biyu, a fara da awo masu araha kafin masu tsada: ƙidayar ƙwayoyin jini, furotin a fitsari, aikin ƙoda, sukari, hawan jini, malariya, da awon kala'azar da na tarin fuka da na hanta idan alamu sun nuna. Awon fitsari da kuɗinsa bai kai na ANA ko kusa ba ya fi shi faɗin gaskiya a kan ƙoda. Da waɗannan a je wurin likitan batiniyya, shi zai ga ko akwai buƙatar awo na musamman da ke tantance lufus ko rumatoyid, ko tafiya gaba. A tambaye shi ba kunya: me kake zato, me ka kore, yaushe zan dawo, wace alama ce in na gani in zo ba jira? Matambayi ba ya ɓata.

Abu na uku, alamomin da ba a kwana da su: kumburin ƙafafu ko fuska, fitsari mai kumfa ko jini, ciwon ƙirji idan an ja numfashi, sarƙewar numfashi, farfaɗiya ko ruɗewar hankali, zubar jini ba dalili, kumburin ƙafa ɗaya mai zafi, zazzaɓin da ya wuce mako biyu. Haka ja a kumatu da karan hanci da rana ke tsanantawa, da gyambon baki mai dawowa, da ɓari a jere, duk a gaya wa likita ko bai tambaya ba.

Idan kuwa bayan bincike aka tabbatar lufus ce, to, ba ƙarshen duniya ba ne. A wajen 1955 kusan rabin masu ita ne ke wuce shekara huɗu. A yau, inda ake samun kulawa, fiye da 90 cikin 100 suna wuce shekara goma, da yawa suna tsufa da ita. Ginshiƙin maganinta haidroksiklorokwin ne, ƙanwar klorokwin da muka sha a yarinta saboda malariya, ana sha da umarnin likita ana duba ido lokaci lokaci. Sai guje wa zafin rana, da riƙon magani ko an ji sauƙi.

Saura namu, mu jama'a. Muna kira ga dattawan unguwanni da masu riƙe da asusun taimako su sa ƙa'ida: gudummawa ta fara zuwa ga ganin likita da awo na tushe, kafin tikitin mota ko maimaita awo mai tsada. Muna kira ga 'ya'yanmu likitoci da ma'aikatan jinya, na gida da na Saudiyya da Masar da Najeriya, kowa ya ware awa guda a mako ya fassara wa danginsa takardunsu da Hausa, domin tsohuwar da aka yi wa bayani da Larabcin asibiti takan ce "na'am" ne don kunya. Muna kira ga limamai su taɓa wannan batu a kan mumbari, su ambaci haƙƙin mara lafiya a kan mijinta da haramcin watsa sirrinta. Muna kira ga iyayenmu mata su daina karɓar ƙwaya daga hannun maƙwabciya don ta yi mata aiki.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa wadda ba ta karatu, musamman wadda takarda ke ƙarƙashin matashinta a daren nan. A ce mata ba a yanke mata hukunci ba tukuna, kuma an yarda tana jin ciwo. Gobe da safe a saya mata littafi da biro, a raka ta awon fitsari.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya mai da waɗanda suka watsu gidajensu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalamu alaikum.